Fermin Mai Gireda da Wuraren Kwanan da Yake Rabawa

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun gabas, Fermin Arriola ya riga ya zagaya giredarsa, motar gyaran hanya, sau biyu. Yana dafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida dabbobi a garke, ya duba mai, ya goge gilashi da wani tsumma da ya riga wasu abokan aikinsa shiga aikin ƙaramar hukuma. Sannan ya hau, ya maƙale fulas ɗin kofi tsakanin ƙafafunsa, ya bar garinmu na Soda Wells a hankali. Daga nesa abin da za ka gani shi ne ɗigon rawaya yana tafiya cikin fili mai faɗi, barewa suna ɗaga kai su kalle shi su ci gaba da kiwo, don sun saba da shi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana lallashin hanyoyin burji na wannan yanki na arewacin Nevada, yana share gargada, yana buɗe bakin kwalbati, yana ture dusar ƙanƙara da hunturu.

Juma'ar nan zai ajiye aiki. A takardar yabon da za a ba shi za a rubuta cewa ya gyara hanya, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani aiki da babu wanda ya ɗauke shi ya yi, shi nake so in ba ku labari.

Duk ranar da aiki ya kawo shi kusa da gari, da tsakar rana yana gidan abincin Noreen Haskett, a teburin da ke jikin taga. A waje kuwa ba a rasa ƙananan tirelolin kwana, irin masu taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya, gado ɗaya, murhu ɗaya, taga biyu. Masu su sun ji a bakin wani cewa akwai tsoho a nan da ya san inda mutum zai kwana kyauta a ƙasar gwamnati, inda babu lantarki, babu famfo, babu maƙwabci.

"Ga shi can, mai hular da ta ga duniya," haka Noreen ke ce musu. "Amma ku bari ya haɗiye lomar farko, in ba haka ba inda sauro yake zai tura ku."

Fermin ba ya faɗin wuri sai ya ga tirela. Zai fita, ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya auna tsakaninta da ƙasa da kamun hannu. "Wannan za ta hau Kwarin Barewa," ya ce. "Wannan kuwa cikinta a ƙasa yake kamar agwagwa, ku tsaya gindin tudu." Wani ya taɓa zuwa da wata ƙatuwa mai tsawon bas biyu. Fermin ya zagaya ta har ya gaji, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba tirela ba ce, unguwa ce. Akwai wurin biya a bakin kwalta, suna da wurin wanka ma."

Wanda ya ci jarrabawa, sai ya juya takardar da ake shimfiɗa wa faranti ya zana masa hanya da fensir: ga ƙofar shinge, ka rufe ta a bayanka, ga dutse mai kama da sirdi, ka yi hagu, kada ka kwana a cikin kwari ko da sama tas take. Sharaɗinsa biyu ne, ka kashe wutarka da ruwa har ka iya sa hannu a tokar, ka kuma sauko da sharar da ka tarar ko ba taka ba ce.

Wuraren nan gado ya yi. Mahaifinsa makiyayi ne, ɗan ƙabilar Bask da ya zo daga tsaunukan Sifen, kuma Fermin ya tashi ne a keken doki mai rumfa yana bin tumaki dubu biyu. Inda uban ya taɓa kafa zango, nan iska ba ta dukan ƙofa, nan ranar safe ke fara sauka, nan ruwa ke kusa. Da Fermin ya samu gireda, duk sanda ya wuce bakin irin wannan wuri sai ya ɗan faɗaɗa hanyar, daidai yadda ƙaramar tirela za ta juya.

Shekara biyar da suka wuce, cikin Afrilu, wata dattijuwa mai suna Odessa Prewitt ta iso da tsohuwar mota da tirela zagayayyiya kamar ƙwai. Ta ajiye motar tana fuskantar hanyar fita. A cikin gidan abincin ma kujerar bakin ƙofa ta zaɓa.

"An ce kai ne Mista Arriola. Ina neman wurin da ba a biya."

"Kwana nawa, baiwar Allah?"

"Ban sani ba."

Ya fita ya duba tirelar kamar yadda ya saba. Sai ya ga fentin gefe ɗaya ya kumbura ya yi baƙi, robar fitilar baya ta narke ta daskare. Bai tambaye ta ba. Daga baya ne Noreen ta ji labarin: shekara talatin Odessa tana dafa wa yaran firamare abinci a wani gari cikin dazukan Kalifoniya, gobarar daji ta cinye garin cikin wuni guda, ita kuma ta fito da tirelar ne kawai don ta tarar da ita a ɗaure jikin mota. Tun daga ranar ba ta ƙara yin barcin awa biyu a jere ba.

Fermin ya dawo ya zauna. "Kina son inuwa?"

"Ba na son itace ko ɗaya."

Ya jima yana juya fensir. Sannan ya zana mata hanyar Farin Tafki, wurin da bai taɓa tura kowa ba. Busasshen tafki ne, farin gishiri shimfiɗe har inda ido ya tsaya, babu ciyawa, babu tsinke, babu abin da wuta za ta kama. Da rana duwatsu sukan rabu da ƙasa su yi ta shawagi a kan kawalwalniya kamar jiragen ruwa. Da yamma gishirin ya koma ruwan hoda, sannan shuɗi, mutum ya rasa inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Odessa ta ce ta ɗan kishingiɗa bayan la'asar don ta huta bayanta, ba ta farka ba sai da ranar washegari ta yi tsaka.

Doka ta ce kwana goma sha huɗu ake yi a wuri ɗaya, sai a matsa. Don haka duk mako biyu Odessa takan sauko ta cika jarkokin ruwa a wurin Noreen, ta karɓi sabuwar takarda. Wuri na biyu yana da ciyayi masu ƙamshi iya gwiwa. Na uku idon ruwa ne da 'yan itatuwa uku a bakinsa. Na huɗu tudu ne da itatuwa jefi-jefi. Duk inda ta nufa sai ta tarar hanyar sumul, sawun gireda sabo a kai. Ta ɗauka sa'a ce.

Cikin Agusta, wata rana da hantsi, Fermin yana aiki mil ashirin daga wani tudu da take zaune a lokacin, ya hango hayaƙi ya miƙe a yamma kamar ginshiƙi. Ya kira masu kashe gobara a rediyo ya ji inda take. Sannan ya ɗaga wuƙar giredar mai share ƙasa, ya juya. Gireda ba ta gudu. Sai da ya yi fiye da awa kafin ya isa.

Ya tarar mota da tirela sun naɗe kamar gwiwar hannu sun tare hanya, taya ɗaya a rami. Odessa na ciki, inji na kunne, ta riƙe sitiyari gam.

Ya ƙwanƙwasa gilashi. "Mis Odessa, kashe motar."

"Wuta tana zuwa."

"Na gan ta. Kashe motar ki fito in nuna miki ita."

Ta kashe motar ta fito. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa, ya sake ta a hankali. Iska ta kwashe ta ta yi wajen hayaƙin da ita.

"Kin ga? Daga bayanmu take busawa. Tsakaninmu da wutar mil hamsin ne, kuma akwai filin baƙin dutse a tsakani, wanda ko akuya ba ta ketawa."

"In iskar ta juya fa?"

"Zo."

Ya zagaya da ita bayan tudun. Ga wata tsohuwar hanya ta gangara gabas har Farin Tafki, an share ta, an kawar da duwatsunta.

"Ban taɓa tura ki wuri mai ƙofa ɗaya ba," ya ce. "Laifina ne da ban faɗa miki ba. Na ɗauka in na faɗa zan tuna miki abin da kike son mantawa."

Ta zauna a kan dutse ta yi kuka, shi kuma ya koma wajen gireda ya yi ta neman sarƙar da ya san inda take. Da ta gama, ya ja tirelar ya fitar da ita daga ramin. Bai tafi ba. Ya jera duwatsu a fili, ya ce sai ta koyi ja da baya da tirela yau ɗin nan.

"Kin kashe dutse na uku," ya ce. "Da mutane ne da yanzu muna jana'iza."

"Kai ma da ka iya bayani da an gane. Hagunka ko haguna?"

"Hagun tirela."

"Tirela tana da hagu ne, tsohon nan?"

Kafin rana ta karkata ta shigar da ita tsakanin duwatsun sau uku ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya ce in tana so ya raka ta gari. Ta dubi hayaƙin, wanda ya kwanta ya yi ja a gefen sama, ta ce saura kwana shida a lissafinta, za ta cika su.

Ƙarshen Satumba ya ba ta takardar Zangon Asfen, can ƙoli. Kurmi ne na asfen, itatuwa masu farin jiki, waɗanda ganyensu ke rawa ko babu iska. A wannan wata ganyen kan koma kalar zinariya, hasken da ke sauka ƙasa ma ya zama zinariya, mutum ya ji kamar yana tafiya a cikin zuma. A jikin wata tsohuwar itaciya akwai sunan mahaifin Fermin, da ya sassaƙa da wuƙa tun yana saurayi. Itaciyar ta girma, haruffan ma sun girma tare da ita. Odessa ta kafa tirelarta a tsakiyar kurmin, reshe na shafar rufinta.

Ranar da ta sauko, ta wuce kujerar bakin ƙofa ta zo ta zauna a gaban Fermin.

"Ashe da gangan kake yi. Kowane wuri itacensa ya fi na baya yawa."

"Ni hanyar tumakin babana na bi da ke," ya ce. "Su ma daga gishiri suke farawa su ƙare a asfen."

"Ƙarya yake yi," in ji Noreen tana zuba musu kofi. "Tumakin babansa ba su taɓa taka Farin Tafki ba. Me za su ci a can?"

Fermin ya ɗauki kofinsa ya yi ta hurawa, ko da yake ba shi da zafi.

Yanzu Odessa ce ke dafa farfesun ragon ranar Laraba a wurin Noreen. Da hunturu tana ɗakin baya, da bazara ta hau duwatsu. Ita ta ba ni izinin rubuta wannan, ta ce in rubuta duka, har da dutse na uku.

Fermin, na san za ka karanta wannan ka ce an cika surutu. Ka yi haƙuri na yau kaɗai. Kai ne ka durƙusa a ƙarƙashin tirelolin baƙi da gwiwoyin da likita ya hana ka durƙusawa da su. Kai ne kake duban abin hawan mutum ka gane nauyin da mai shi ya ɗauko, ka kuma kama bakinka. Ɗan makiyayi, mai lallashin hanya. Akwai mutane a jihohin da ba ka taɓa zuwa ba da suka adana takardar faranti mai tabon miya a cikin akwati, don a wurin da ka zana musu ne suka yi safiyar da ta fi kowace kyau a rayuwarsu. Mun gode.

Mu kuma da muka rage, kowannenmu ya san wani abu da baƙo bai sani ba: inda ruwa yake, inda hanya ke lalacewa, inda mutum zai zauna a bar shi ya huta. Kada mu ƙulle shi a ciki, kada kuma mu watsa shi ga wanda ba mu kalli fuskarsa ba. Mu fita mu duba, mu saurara, sannan mu nuna hanya.

Na tambayi Fermin me zai yi daga Asabar. Ya ce tun da ya kama aikin nan dole gireda ta koma gareji ƙarfe huɗu, don haka duk faɗuwar ranar da yake kwatanta wa mutane, ta yarintarsa ce. Shekara talatin da huɗu bai ga rana ta faɗi a ɗaya daga cikin wuraren nan ba. Ya ce yana so ya je ya gani ko gaskiya ya yi ta faɗa musu.

Gaskiya ka faɗa, Fermin. Mu da ka tura mun gani. Je ka zauna har rana ta faɗi, babu wanda ke jiran makullin gireda.