Daga Gashuwa zuwa Kano a kan ƙyaure

Gashuwa

Ran Talata da asuba muka tashi. Zamanin Turawa ne, babu kwalta a ƙasarmu. Ni masunci ne, sunana Adamu. Dalilin tafiyar kuwa, muna jan kwalekwale zuwa tudu ya suɓuce ya faɗo mini a gadon baya. Malamin ɗakin shan magani ya tsikari yatsun ƙafata da allura, da kyar na ji. Ya ce, "Sai Kano, sai an yi aiki. Kada ku yi jinkiri, kada kuma ku lanƙwasa shi."

Yayana Bukar ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa, ya ɗaure ni a kai da rawani biyu. Mutum huɗu suka kai ni tashar mota.

Hanyar Nguru

Motar gyaɗa muka samu, ta tashi ƙarfe bakwai. Mil arba'in ne da 'yan kai, amma sai la'asar muka isa, don sau uku muna kafewa a rairayi. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar an soka mini mashi. Yaya ya bubbuga kan motar ya ce, "Direba, mutum ka ɗauko, ba buhu ba!"

Direban ya leƙo ya dube ni, ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa." Daga nan har Nguru lallaɓawa ya yi.

Mun kwana biyu a zauren wani dillalin kifi, muna jiran jirgi. Ya ciyar da mu burabusko da miyar kuka.

Jirgin ƙasa

Ran Alhamis ƙarfe takwas jirgi ya ɗaga. Ƙyauren ya ƙi shiga ƙofar fasinja, sai aka sa mu a taragon kaya tare da fatu. Ban ga gari ko ɗaya ba, sai dai Yaya ya riƙa faɗa mini: Birniwa, Malam Madori, Ringim. Gab da magariba muka sauka Kano.

Kano

A asibiti aka ɗauki hoton bayana. Malamin jinya ya ce ƙashi ne ya danne jijiya, amma likitan da ke wannan aiki ɗaya ne, kuma yana rangadi.

"Yaushe zai dawo?" in ji Yaya.

"Wataƙila mako mai zuwa."

Makon nan ya zama kwana talatin da takwas. Kowace safiya Yaya sai ya mintsini yatsun ƙafata. A mako na biyu ƙaramin yatsan hagu ya daina ji. A na uku biyu suka bi shi. Maƙwabcin gadona, wani tsohon maƙeri, ya gaji ya sa 'ya'yansa suka mai da shi gida. Ran nan na ce, "Yaya, mu ma mu tafi. Geronka na can tsuntsu na ci."

Ya ce, "Ya ci. Da ƙafa za ka koma, in Allah ya yarda."

Malamin jinya ya koya masa juya ni kamar gungume, ba tare da bayan ya motsa ba, don kada kwanciya ta sa ni gyambo. Bayan kowace salla sai ya juya ni, tsakanin salloli ma haka, ya shafe ni da man shanu. Ni kuma na sa ya sayo mini zare, ina rigingine ina saƙa komar kamun kifi. Mutanen ɗakin suka riƙa kallo, har biyu suka koya. Koma uku na gama.

Da likita ya dawo, ya ce kwana huɗu kawai zai yi, kuma ba zai yanka fatar da ta yi gyambo ba. Aka kifa ni, ya shafa bayana tun daga wuya har ƙugu, ya yi magana da Turanci. Malamin jinya ya ce, "Yana tambaya wa ya yi jinyar wannan. Wai bai ga ko ƙwarzane ba."

Yaya ya miƙe ya gyara hula, ya ce, "Ni ne. Daga Gashuwa."

Washegari ƙarfe tara aka shiga da ni ɗakin tiyata. Wata uku na ƙara a cikin filasta, wato simintin ɗaurin ƙashi. Yatsu biyu sun farfaɗo, ƙaramin bai dawo ba har yau.

Komawa

A zaune na hau jirgi, kusa da taga, daga Nguru kuma muka bi mota. A Gashuwa samarin unguwarmu suka taho za su ɗauke ni, na ce su matsa. Da sanda biyu na taka daga tasha, ina hutawa a kowace inuwa, Yaya na bayana bai taɓa ni ba. Tafiyar da yaro zai yi kafin ruwa ya tafasa ta ci mini sa'a guda.

Na gode wa Allah, na gode wa direban nan da dillalin da malamin jinya. Yaya kuwa, da na fara yi masa godiya a ƙofar gida, sai ya katse ni ya ce, "Shiga mana, Inna na jira."