Yadda Arzika mai sito ya zama gwanin taro

Arzika Bube mutumin Jabo ne, gajere, mai nauyin baki. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da makullin siton wani ofishin ilimi a yankin Tambuwal, yana raba alli da rajista da tsintsiya.

A shekarar da kuɗin mai suka sa aka buɗe firamare a kusan kowane ƙauye, koken malamai ya yi yawa. Sai aka kira na Tambuwal da na Kebbe taro guda, wajen mutum ɗari uku, a harabar wata makaranta. Wani babban jami'i zai zo daga Sakkwato da jawabi da jerin batutuwa. Arzika dai an ce ya jera benci.

Har hantsi ya dubi ludayi jami'i bai iso ba. Motarsa ta lalace a hanya, shugaban ofis kuma ya tafi tarbo shi. Malaman Kebbe, da suka taso tun asuba a bayan akori-kura, suka fara tsaki. Da yake Arzika kaɗai ya rage daga ofis, kansa aka yo.

"Malam Arzika, mi anka kira mu yi?" in ji Malama Safara'u, wata dattijuwar malama daga Sanyinna.

"Wallahi Malama, takardar batutuwan tana cikin motar jami'i," in ji shi. "Abin da nika gani, kowa ya san abin da ka damunai. Ga allo, ga alli. Mai magana shi rubuta ta, shi kama aji guda."

Don a rabu da shi ya faɗi haka. Amma ya buɗe sito ya fito da sababbin alluna goma sha huɗu, ya jingina su da bango. Wani ya rubuta, "Ina malami baƙo zai kwana a Kebbe?" Wani ya rubuta, "Yara ɗari da ashirin a aji ɗaya." Safara'u ta rubuta batun iyayen da ke janye yara in damina ta faɗi.

Aka tambaye shi mutum nawa za su shiga kowane aji. Ya ce duk wanda ya zo. Aka ce in mutum ya gaji fa? Ya ce ya tashi ya koma wani, ai ba a ɗaure shi ba. Daga nan ya zauna gindin dogon yaro, ba abin da ke ransa sai kada a karce masa alluna.

Kafin la'asar malamai takwas sun yi musayar wurin aiki, kowa ya matsa kusa da gida. Masu cunkoso sun yarda su raba yara, wasu safe wasu yamma. Wani limamin Kebbe da ke koyar da Larabci ya yi alkawarin ɗakuna uku a gidansa.

Sai ga jami'i. Ya karanta jawabinsa na sa'a guda, ya sanar da kafa kwamitin da zai binciko matsalolin malamai cikin wata shida. Aka tafa masa. Safara'u ta miƙa masa abin da aka kwafo daga alluna. Ya duba ya ce, "Wa ya ba da izni?"

Washegari aka ba Arzika takardar tuhuma kan fitar da kayan gwamnati ba sa hannu. Bayan wata uku kuma aka yaba wa shugaban ofis bisa sabon tsarin taro da ya ƙirƙiro. Tun da shugaban bai ga yadda aka yi ba, dole aka ɗora Arzika a kai, aka tura shi Kaduna kwas na mako biyu.

Ya dawo da satifiket da jakar hannu. A taro na gaba ya tsaya kan dandamali ya bi batutuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya masa. Rabin mutane suka yi gyangyaɗi. Da aka tashi Safara'u ta tare shi ta ce, "Arzika, sun ɓata ka. Da ba ka san komi ba ka fi iyawa."

Maganar ta yi masa zafi, kwana biyu bai gaishe ta ba. Amma daga nan ya koma jingina alluna ya nemi inuwa. Ma'aikatan lafiya suka riƙa aronsa, haka ƙungiyoyin manoma. A rahoto kullum yakan rubuta cewa ya jagoranci taro, don shi ne abin da fom ɗin rahoton ya tanada.

Ranar da ya bar aiki aka shirya masa bikin bankwana. Mutum bakwai suka yi jawabi kan yadda yake barin kowa ya yi magana. Kafin a zo kansa aka kira magariba. Ya karɓi agogon bangon da aka ba shi, ya hau bayan babur ɗin ƙanensa Almu, suka kama hanyar Jabo, don gero ya isa yanka.