Warin Hayaƙi a Kujerar Baya

Shin da gaske Malam ba ya jin warin nan, ko kuwa yana ji ya ƙi faɗa? Shekara da shekaru ina juya tambayar nan a raina, wanda zai amsa min kuwa yana kwance a maƙabartar Paraku. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ni ma ya yafe min. Abin da ya shiga tsakanina da shi a kan motar nan ba zan manta da shi ba har in bi shi. Ni ban iya rubutu ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara min magana.

A Jugu muke zaune, lokacin ƙasar nan ana ce mata Dahome, Turawa ba su daɗe da sakin mulki ba. Malam, maigidana, fataucin goro ya gada. Kakanninsa da jakai suke ɗauko shi daga Gwanja, shi kuwa jirgin ƙasa ke sauke masa a Paraku, sai ya je ya kwaso. Wata shekara ya sayi mota a hannun wani Bature da zai koma gida, mota fara, mai shan gazuwal, wato man dizal. Ranar da ya shigo da ita unguwa har liman ya fito ya yi mata addu'a. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ban san matsala ce ta shigo min gida da ƙafa huɗu ba.

Nakan bi shi Paraku saboda 'yarmu ta fari tana aure can a unguwar Zongo. Wurina kujerar baya ce. Gaba na maza ne, ko ƙaninsa ko wani abokin ciniki. Idan za mu tafi, lafiya lau. Amma a hanyar dawowa, kafin mu yi nisa sai wani wari ya fara shigo min, idona ya yi yaji, kaina ya ɗauki sara, zuciyata ta dinga tashi, ga wani barci mai nauyi da ba na daɗi ba. Sau biyu ina sa shi ya tsaya in yi amai a bakin hanya.

"Malam, hayaƙi na shigowa motar nan," na ce masa.

Ya leƙo ta madubi, hannunsa ɗaya a waje yana shan iska. "Wane hayaƙi? Ke dai ba ki saba da mota ba ne. Ci goro."

Na ci goro. Na sake faɗa a tafiya ta gaba, ya ce daddawar da na sayo ce. Na bar sayen daddawa. Ya ce to ko ciki gare ni, a gaban ƙaninsa, ni da ke shirin ɗaukar jika! Ƙanin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga baya Malam ya sayo kwalbar turare ya zazzage a kan kujerata. Wallahi warin ya zama biyu, kowanne na neman raina.

Da na dame shi, sai ya kai ta wurin wani makanike a Paraku, dattijo ne Bayarabe, wanda ya yi wa Turawa aiki. Mutumin ya san aikinsa, ban zarge shi ba. Ya buɗe inji ya tarar wata 'yar roba na ɗigar da gazuwal, ya canza ta. Malam ya dawo yana washe baki, wai an gama. Na ce masa ba wannan ba ne. Warin ɗanyen mai daban, na wanda ya ƙone daban. Mace da ta shekara talatin a bakin murhu ta san bambancin itace da hayaƙinsa. Ya ce ashe makanike ya aura bai sani ba.

Ya sake komawa. A wannan karon ina tsaye. Dattijon ya shiga ƙarƙashin mota ya bi bututun hayaƙi da hannu tun daga inji har wutsiya, ya toshe bakinsa da tsumma ya kasa kunne ko zai ji yana huci ta wani wuri. Babu. Ya shiga baya ya zauna, aka zaga da shi, ya fito ya ce, "Mama, motar nan ƙalau take." Malam ya kalle ni irin kallon da ake wa wanda ya ɓata wa mutane lokaci. Ranar da muka koma gida, sai da aka riƙe ni na sauka.

Abin da ya buɗe min ido aikin hannuna ne. Duk goron da Malam ya kawo, ni ke kwance huhun, in tsince wanda ya fara lalacewa, in canza ganye, in yayyafa ruwa. Sai na lura ganyen waje na ɓata min hannu da baƙi, baƙi mai maiƙo irin na gindin tukunya. Na ɗauko farin mayafin da nake tafiya da shi, na ga bayansa ya yi duhu daidai inda nake jingina. Na zauna na yi ta tunani. Idan za mu tafi, but ɗin mota, wanda mu nan muke ce wa kofur, a rufe yake babu komai ciki, haka kuma makanike ke ganinta kullum. Idan za mu dawo, Malam na cusa huhu biyu, ba ya kuma yarda a rufe murfin, wai goro zai dahu, sai ya ɗaure shi da igiya a buɗe. Na je na leƙa ciki da kaina. Ashe ya cire katakon da ya raba kofur da kujerata don huhu ya sami wuri, ya kuma huda ƙasan da ƙusa wuri-wuri don ruwan da yake yayyafa wa goro ya tsiyaye. Bakin bututun hayaƙin kuwa yana nan ƙarƙashi.

Na gaya masa. Ya ce, "Hayaƙi baya yake tafiya, mota na gaba. Ta yaya zai biyo mu? Da gudu?"

Na ce ya shiga madafa ya buɗe taga ya gani ko hayaƙi ba ya bin inda iska ta ja shi. Ya ce shi bai taɓa shiga madafa ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba.

Da ni kaɗai ce, da na haƙura, ai na saba. Amma cikin 'yarmu ya kai wata bakwai, na fari, lokacin ɗauko ta goyon ciki ya yi. A kujerar nan za ta zauna, tun daga Paraku har Jugu, a hanyar da ba kwalta. Ga shi 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, ko ciwo take sai dai ki kau da kai ki bar wa wasu. Tun da na haife ta ban taɓa tsaya mata a bainar jama'a ba. Don haka duk kwanakin nan ban iya ce wa Malam tsoron me nake ji ba, sai dai in ce kaina, idona. Shi kuma ya ɗauka raki ne.

Ranar muka isa Paraku da hantsi. Na shiga gidan surukai, shi ya wuce tashar jirgi. Bayan azahar ya dawo, huhu biyu a baya, murfi a sama, igiya ta sha ɗauri. Aka fito da kayan yarinya. Uwar mijinta ta riƙo hannunta, mata sun cika ƙofar gida ana ta Allah ya raba lafiya. Na ga ta sunkuya da ƙyar za ta shiga. Ban san lokacin da na sha gabanta na maida ƙofar na rufe ba.

"Ba za ta shiga ba," na ce.

Uwar mijin ta ce, "Lafiya, yaya?"

"'Yata ba za ta shiga motar nan ba sai an sauke goron nan."

'Yata. A gaban surukai, da bakina. Wata tsohuwa ta kama haɓa, wata ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Yarinyar ma ta rufe fuska, kunya ta kama ta a madadina. Malam ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, "Ke, kin san inda kike kuwa? So kike ki tozarta ni?"

Na ce, "A kira makanike. Ya tuƙa, kai ka zauna a wurina, da goron a yadda yake. Idan ka sauko lafiya, ni da kaina zan sa ta a ciki."

"Ni? A bayan motata?"

"Kai."

Mutane sun riga sun ji, ba yadda zai yi. Aka kira dattijon. Da ya ga yadda aka ɗaure kofur sai ya tsaya, ya leƙa, ya sa yatsa a hujin ƙusa, ya ce, "Alaji, haka kake tafiya da ita? Me ya sa ba ka taɓa kawo min ita da kaya ba?" Malam ya ce ya tuƙa kawai, ba wa'azi aka kira shi ba. Ya tattara babbar riga ya shiga baya. Dattijon ya sauke gilashin gaba kamar yadda Malam ke yi, suka kama hanyar Jugu.

Ba su daɗe sosai ba suka dawo. Malam ya fito idonsa jawur, hawaye na bin gemunsa, yana tari yana dafa mota. Makanike ya ce wa jama'a, "Mama ta fi ni gaskiya. In murfi na buɗe, iska na naɗo hayaƙin ta mayar ciki, tagar gaba kuma na jawo shi. Na baya ke shanye shi duka. Mai ciki kam, Allah ya kiyaye."

Na jira. Kalma ɗaya nake so. Malam ya goge ido da hannun riga ya ce, "Ƙurar hanya ce."

Ƙurar hanya! Da damina, ƙasa jiƙe sharkaf!

Sai kuma ya juya ya sa aka kwance igiya, aka sauke goron, ya ce a ajiye masa babbar mota ta kawo gobe, wai ya lura tayoyin baya sun yi laushi. Aka toshe hujojin da tsumma, aka rufe kofur ruf. Muka taho da yarinya, ko atishawa ba ta yi ba, har gyangyaɗi ta yi a kafaɗata. Ta sauka lafiya bayan wata biyu. Abin da ta haifa shi ne wannan da ke rubutu yanzu tana dariya, ni kuwa ba dariya nake ba.

Na riƙe shi a zuciya, wannan shi ne laifina. Na yi abin kunya a gaban surukai, har Jugu labari ya riga ni isowa, mata na zolayata a gidan suna, shi kuwa ko sau ɗaya bai ce kin yi gaskiya ba. Ina dafa masa, ina kai masa ruwan alwala, amma hira na ɗauke. Idan ya ja ni da wasa sai in ce ƙurar hanya ce ta shige min maƙogwaro. Wata uku muna haka. Ashe a cikin watannin ya kai mota an liƙe hujojin da wuta, an maida katakon, an ɗora ƙarfen kaya a saman rufi inda goro zai sha iska. Bai faɗa min ba, a bakin ƙaninsa na ji. Na ce a raina, sai ya faɗa da bakinsa.

Yanzu na san irin su Malam ba da baki suke ba da haƙuri ba. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a makare. Idan kin tabbata a kan abin da zai cuci naki, ki tsaya, ko duk gari zai kama haɓa. Amma idan mutum ya gyara da hannunsa, ki karɓa, kada ki zauna jiran kalma.

Wata safiyar Laraba ya shirya zuwa Paraku. A can zazzaɓi ya kama shi a gidan ƙaninsa, kwana biyu, kafin saƙo ya iso min har an kai shi. Safiyar da zai tafi ɗin nan ina tsakar gida ina wa jaririya wanka, na ji ya tada mota, ya bar ta tana aiki, ya dawo ya tsaya a bakin zaure.

"Ke baiwar Allah, fito ki ga wani abu."

Na ce hannuna da sabulu. Ban ko ɗaga kai ba. Ya ɗan tsaya, ina ganin inuwarsa a ƙasa, sannan ya yi 'yar dariya.

"To, shi ke nan. In na dawo ki shiga baya ki shinshina min ita. Abin da kika ce, shi za a yi."