Kunun da Na Kira Duniya

Har yau in na tuna malaman nan biyu raina ɓaci yake yi. Lokacin ina digiri na biyu a jami'ar Wudil, aikina a kan maganaɗisun duniya ne, wato abin da ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. Motsin narkakken ƙarfen da ke can cikin ƙasa ne ke haifar da shi. Tunda ba mai iya zuwa ya gani, a kwamfuta ake kwaikwayonsa.

Matsalar ita ce ƙarfen tsinkakke ne kamar ruwa, kwamfuta kuwa ba ta iya bin motsinsa sai an ƙara masa kauri a lissafi. Malamin da ke duba aikina ya ce ba komai, tunda sakamakon na kama da na gaske. Shugaban sashe kuma ya ce dace ne kawai, ba ilimi ba. A kan wannan ba sa ga-maciji da juna, ni kuwa sa hannunsu duka biyun nake nema.

Ranar kare aikin, shugaban sashe ko shafi ɗaya bai buɗe ba.

"Kunu ka dama, ka kira shi duniya," in ji shi. "Tsakaninka da Allah, ka yarda haka cikin ƙasa yake?"

Mugunta ce, kuma ya sani. Da lissafi ya tambaye ni, da na kare kaina har la'asar. Amma wanda aka haɗa da Allah ba ya kwana-kwana.

Na ce, "Malam, ban yarda ba. Iyakar abin da kwamfutar za ta iya ke nan."

Ya yi murmushi yana kallon malamina. Nan take shugaban ya sa hannu, ya sami abin da ya zo nema. Malamina kuwa sai da na yi wata uku ina zarya ofishinsa, wai yana dubawa. Na tsani shugaban da ya mai da ni sandar duka. Shi ma malamin nawa ban yafe masa ba, don shi da bakinsa ya koya mini zancen kaurin nan.

Daga ƙarshe malamin nawa ya sa hannu bai ko ɗago kai ba, mutumin da a da sai ya tambayi lafiyar mahaifiyata da gonarmu ta Indabo kafin ya sallame ni. Kwanan baya na haɗu da shi a bakin gada, na rusuna na yi sallama. Ya amsa sallamar, don wajibi ce, ya wuce.