Zobban Motar Abdu

Har gobe ban manta da ranar da muka kai motar Abdu mai fatu garin Takanamat ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya, kuna ganin da zarar injin ya tashi, fenti ya yi ƙyalli, aiki ya ƙare. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake shef, wato babban makaniki, na wani ƙaramin garaji a Tahoua, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai.

A zamanin, idan motar gwamnati ta gaji sai a cire ta daga aiki, a jibge ta bayan ofis, ran da aka tuna da ita a yi gwanjonta. Nan Abdu ya sayi tasa, wata tsohuwar kamiyonet, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda Nasara suka bari. Da igiya aka jawo mana ita. Tayoyi sun ruɓe, kaji sun mai da kujera wurin ƙwai. Na ce masa ya yi asara, ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya kawo mini.

Ba don fatu kaɗai ya saye ta ba. Mahaifinsa, Malam Arzika, yana ƙauyensu Takanamat, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, ƙugu kuma ya hana shi hawan raƙumi ko jaki. An yi shelar cewa bayan kaka wani likitan ido zai sauka asibitin Tahoua na ɗan lokaci, yana cire yana. Abdu so yake ya ɗauko tsohon da motarsa ta kansa, ya kai shi, ya mayar da shi gida yana gani.

Ban taɓa zuba ƙarfina a kan wata mota kamar wannan ba. Muka sauke injin, muka warware shi har ƙusa ta ƙarshe. Abin da babu a Tahoua muka aika Ƙonni, wanda babu a Ƙonni aka nemo daga Sakkwato, wanda babu ko'ina maƙeri ya ƙera mana. Muka ƙara mata sifirin saboda ramuka, muka ɗora tankin ruwa saboda hanyar arewa, kafinta ya yi mata shingen katako da rumfar tampol. Launinta na da, ruwan ƙasa irin na soja, mai fenti ya binne shi da shuɗi, har da furanni a ƙofa. Ko wanda ya tuƙa ta a da ba zai gane ta ba.

Abu ɗaya na bari yadda na same shi. A cikin bayanta akwai zobban ƙarfe jere dama da hagu, ƙasa-ƙasa, kusa da juna. Illa mai walda ya so ya yanke su, wai za su riƙa yaga buhuna, kuma shi bai taɓa ganin an jera zoben ɗaurin kaya kurkusa haka ba. Na ce ƙarfe mai kyau irin wannan ba a zubar da shi, mai fatu zai sami wurin ɗaure igiya. Na kankare tsatsar da hannuna, na goge su suna walƙiya. Ciki duk sun side, na kuwa yi ta yabon ƙarfen da ya sha igiya haka bai karye ba.

Ƙa'idarmu ita ce, motar da aka sake wa injin, makaniki ne ke raka ta tafiyar farko don ya saurare ta. Na ce ba wanda zai je sai ni. Muka tashi da asuba, Abdu na tuƙi, muka isa Takanamat da hantsi, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Gari ya fito kallo, mata na guɗa. Ni kuwa sai hura hanci nake.

Aka fito da Malam Arzika, an sa masa farar riga, ana riƙe da hannunsa. Abdu ya buɗe masa ƙofar gaba. To, Abdu ɗan fari ne, kuma kun san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari: ko sunansa ba ya faɗa, balle ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi tun daga nan har birni. Tsohon ya ce a shimfiɗa masa tabarma a baya, ya fi son iska. Ni na ɗaga shi na zaunar.

Ya miƙa hannu yana laluben abin da zai riƙe, sai yatsunsa suka faɗa kan zobe. Ya tsaya. Ya zura hannun gaba kaɗan, ya taɓa na biyu, ya taɓa na uku. Bai yi wa ɗansa magana ba, ni ya juyo wa.

"Mai gyara, wagga mota ta Nasara ce?"

Na ce e, Baba, amma yanzu ta ɗanka ce.

"Nan anka ɗamre ni," ya ce, yana riƙe da zobe na biyu. "Wanga na gaba, ƙanena Nomau. Aikin dole anka kai mu. Ni na komo, shi bai komo ba. Sauke ni."

Abdu ya girma bai san da wannan ba. Ya san dai yana da baffa da ya rasu a tafiya, amma uban da ba ya hira da ɗan farinsa yaushe zai ba shi irin wannan labari? Ya durƙusa a rairayi yana roƙo, ya ce likita ba zai daɗe ba, ya ce Baba ya dawo gaba, shi zai sauka ni in tuƙa. Liman ya sa baki, maigari ya sa baki. Ni na ciro zarto daga akwatin kayan aiki, na ce yanzun nan zan yanke su duka a gabansa.

"Bar su," tsohon ya ce a hankali. "Ko ka yanke, hannuna ya riga ya gani."

Muka koma Tahoua bayan mota wayam. Injin na tafiya sumul, ban taɓa jin haushin lafiyar injin ba sai ranar.

Bai haƙura ba. Ya nemi babbar motar 'yan kasuwa da ke bin hanyar jefi-jefi, amma kafin ta biyo, kafin a lallashi tsohon ya yarda ya hau kowace irin mota, likita ya tattara ya tafi. Malam Arzika ya rasu bayan damina biyu, bai sake ganin fuskar kowa ba. Abdu ya kawo motar, Illa ya yanke zobban, bai ce mini ai ya faɗa ba. Ta yi shekaru tana jigilar fatu, amma ba ta ƙara taka Takanamat ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, wannan ne aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi. Na san kowace ƙusa a jikin motar nan, amma ban san wa ta ɗauka ba, alhali tsofaffin direbobin da za su gaya mini suna zaune a tasha, tafiyar ƙafa daga garajinmu.

Shi ya sa kuke ganin in an kawo tsohuwar mota nake fara tambayar inda ta yi aiki kafin in buɗe bakinta, kuna dariya kuna cewa tsoho ya cika surutu. Ku yi ta dariyarku, amma ku riƙa tambaya. Zoben ƙarfen nan da kuke rataya makullai a kansa bakin ƙofa, na ukun ne, na Nomau.