Gudun da Yayana Ya Daina

Yayana ya girme ni da shekara shida, kuma tun da na yi wayo da gudu na san shi. Idan Inna ta aike shi kasuwar Gumel sayen daddawa, kafin ta gama jajjagen tattasai ya dawo. A sakandare shi yake wakiltar makarantarsu a tseren dogon zango. Ko da ya gama karatun akanta ya sami aiki a wani kamfanin riɗi da zoɓo a Maigatari, bai fasa ba. Da an idar da sallar asuba sai ya sa wandon motsa jiki da takalmin kambas, ya kama titi har rana ta ɗaga.

Da aka ba shi daraktan kuɗi na kamfanin, gida ya cika da 'yan taya murna. Mako bai zagayo ba kawunmu, yayan Inna, ya zo takanas ya zaunar da shi.

"Ɗan nan, mai riƙe da dukiyar mutane ba ya gudu a titi," in ji Kawu. "Duk wanda ya hango ka zai ce wani abu ka ɗauko."

Yaya ya yi dariya, Kawu bai yi ba. Ko da ma Kawu bai ce komai ba, hanyar ta riga ta toshe. Kafin Yaya ya dawo daga masallaci jama'a sun yi layi a ƙofar gidansa, wannan da takardar asibiti, wancan yana nema wa ɗansa aiki. Ba shi da fuskar da zai wuce dattawa a zaune shi yana tsalle-tsalle cikin wandon wasa. Sai ya zauna ya saurare su har lokacin ofis ya yi.

Ni a lokacin ina koyarwa a Sule Tankarkar, ƙarshen mako nake zuwa gida. Muka ɓullo da wata dabara. Ranar Lahadi da hantsi sai ya fito da babbar riga kamar za mu ɗaurin aure, in ja motar mu nufi Gagarawa. Bayan gari akwai wata tsamiya a bakin burtali. Nan yake tuɓe rigar ya miƙa mini, ya bi burtalin tsakanin gonakin gero har ya ɓace. Ni kuwa ina gindin tsamiya ina duba littattafan ɗalibai. Idan ya dawo, gumi sharkaf, ƙafa duk rairayi, sai ka ji yana raha kamar da. Ya taɓa gaya mini cewa a duk mako wannan awa ɗayar ce kawai babu mai jiran ya sa hannu a takarda.

Mun yi kusan shekara biyu a haka. Sai labarin satar mutane ya yawaita a wasu wurare, kamfanin ya haɗa shi da mai tsaron lafiya, aka kuma roƙe shi ya daina shiga daji. Ya sayo injin gudu daga Kano ya ajiye a ɗaki. Na sha tarar da shi a kai, yana haki yana kallon bango, idan aka ɗauke wuta ya tsaya cak. Daga baya injin ya zama wurin rataye kaya. Jikinsa ya yi nauyi, likita ya ce hawan jini ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja ni gefe. Ya ce ya gaji, yana son ya ajiye aikin, ya koma horar da matasa gudu a filin wasa. Ya ce bai gaya wa kowa ba, shawarata yake nema. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne babbar 'yata, wadda shi yake ɗauke da karatunta a jami'a.

"Yaya, ka ɗan ƙara haƙuri," na ce. "Saura mata shekara biyu ta gama. Ga kuma maganin Inna."

Ya kalle ni ya ce, "Har da kai?" Ya gyara hularsa ya ce shi ke nan, Allah ya nuna mana. Bai sake tayar da maganar ba.

Kafin shekara ta zagayo ya faɗi ana tsakiyar taro a ofis, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wata huɗu ya yi a kwance. Ni nake juya shi, in shafa masa man zafi a ƙauri. Bakinsa ya karkace, ba a gane maganarsa sosai, saboda haka ban san ko ya fahimci gafarar da na nema ba. Ya dai damƙe hannuna da na hagunsa. Ya rasu a tsakiyar damina.

A zaman makoki kowa amanarsa yake yabawa, ana cewa ko sisi ba a taɓa zarginsa da shi ba. Gaskiya ne. Bayan kwana bakwai dangi suka taru a ɗakin Inna, aka ce yanzu ni ne babba, matarsa da 'ya'yansa biyar suna hannuna. A aljihuna akwai takardar neman komawa karatu da na daɗe da cikewa. Na ce to, Allah ya ba ni iko. Washegari na ajiye maganar karatun, na je na nemi a maido ni aiki gida Gumel.