Hutun da Maman Bene Ba Ta Tafi Ba

Ba ta yarda da ƙararrawa ba. Kafin a kaɗa, Maman Bene ta riga ta bi ɗakunan 'yan mata gado-gado: wannan a taɓa mata ƙafa, waccan a ɗage labule, wata sai an ambaci ruwan sanyi. Makarantar kwana ce ta 'ya'yan ƙasashe daban-daban, waɗanda jirgi ke saukewa a farkon zango ya kwashe a ƙarshe. Ita ke kula da benen mata. Ɗakinta na ƙarƙashin matakala, ƙofarsa ba ta san sakata ba.

Ba ta jin yaren gidajensu, amma mai wanki ya ce kuka ba ya neman tafinta. Ya sha ganinta tana taje wa baƙuwar yarinya kai har sheshsheka ta lafa.

"Mama, kin fi uwata faɗa," in ji wata.

"Uwarki da hutu kawai take ganinki. Ɗauke min safar nan daga taga."

Ita ma tana da 'ya guda, a hannun yayarta, don aikin bai yarda da iyali a bene ba. Hutu ne kaɗai rabon yarinyar. Wata shekara ta yi mata alkawarin dogon hutu, har ta ɗaure tsaraba. Ranar tafiya rikici ya ɓarke a ƙasar wata ɗaliba, aka rufe filin jirginsu. Kowa ya watse. Mai gadi ya ce yana kallo Mama ta fito da jaka, ta tarar da ɗalibar zaune kan akwati, ta koma ciki ta ajiye jakar.

Da ta kira gida, 'yarta ta ce, "Ba komai, Anti. Ki gaishe da 'ya'yanki."

Daga ranar, Anti ta zama a bakin 'yarta, har yau.

A nan lissafi ke tsayawa. Da ta tafi, da ta bar 'yar mutane da bango huɗu. Da ta zauna, ta bar tata. Wanda ya san amsar da ba ta da ciwo, ya faɗa.

Maman Bene, ke ce inuwar da ba ta tambayar ɗan wane. Ke ce kika san zazzaɓin gaske da na gudun jarrabawa, kuma duka biyun kika dafa wa goshi. Waccan ɗalibar ta girma, tana kiranki daga nesa, da Mama take farawa. Mai wanki ya ce kina ajiye wayar sai ki daɗe kina kallon lambar 'yarki.

Wannan zangon Mama za ta ajiye aiki. Ta tambayi 'yarta ko za ta zo ɗaukarta.

"Zan gani," in ji 'yar.

Mama ta riƙe kalmar nan kamar wasiyya. Tun yanzu ta wanke labulen da za ta kai mata.

Mun gode, Maman Bene. Masu riƙon 'ya'yan wasu, ku koyi barin ƙofa a buɗe, amma masu makarantu su bar irinta su riƙa zuwa gida.

Ke kuma 'yarta, in wannan ya iso gare ki: gaskiyarki ce, an ci rabonki. Ki zo ki ɗauki abin da ya rage. Yana da yawa.